Ƙadangare Mai Gemu: Ɗan Rana da Aka Mayar Ɗan Ɗaka

Idan aka kai wa likitan dabbobi ɗan ƙadangare mai gemu da ya daina cin abinci, kafin ya ɗauko wani kayan aiki yakan sa yatsu biyu ya ɗan matsa muƙamuƙinsa na ƙasa. Muƙamuƙin mai lafiya tauri gare shi, ba ya ko motsi. Na marar lafiya kuwa sai ya lotsa, a saki ya dawo. Masu kiwon dabbar a Amurka da Ingila da Jamus suna ce wa wannan hali muƙamuƙin roba, kuma duk wanda ya daɗe a harkar ya san in an kai nan to ɓarna ta yi nisa. Ba muƙamuƙin kaɗai ya yi laushi ba. Ƙashin ƙafafu da haƙarƙari da gadon baya duk sun zube daga ciki, muƙamuƙi dai shi ne wurin da yatsa ke iya shaidawa.

Mai dabbar sau da yawa yaro ne ɗan makaranta, ko uwar da ta saya wa ɗanta don ya daina damunta da maganar kare. Bayaninsu kusan iri ɗaya ne a ko'ina: da farko yana cin abinci kamar me, yana bin gyare a guje, sai aka ga ya fara kasala. Aka ce ƙiuya ce. Sai aka ga yana jan ciki a ƙasa maimakon ya ɗaga ƙirji, yatsun ƙafarsa suna ɗan rawa ko yana kwance. Wata safiya aka wayi gari ƙafafun baya ba sa aiki. Babu wanda ya buge shi, bai faɗo daga ko'ina ba, kuma ba a taɓa barinsa da yunwa ba.

Wannan ciwo ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga wata dabba, kuma da wuya a gan shi a jikin ƙadangaren daji. A cikin gida ake ƙera shi, da hannun mai kiwo, galibi mai kiwon da ke ƙaunar dabbarsa ƙwarai.

Daga tsakiyar Ostareliya zuwa falo

Bahaushe na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙadangaren da ba ya jiran albarkacin kowa: kaskonsa daban, ɗakinsa na gilashi daban, da fitilunsa, da likitansa. Sunansa na kimiyya Pogona vitticeps, kuma wani masanin dabbobi Bajamushe, Ernst Ahl, ya fara bayyana shi a rubuce a 1926. Danginsu ɗaya da jan gwadan da ke gyaɗa kai a kan katangunmu, har gyaɗa kan ma sun yi tarayya a ciki. Bambancinsa shi ne faɗin jiki, da ƙayoyin da suka jeru a gefensa, da wata fata mai ƙaya a ƙarƙashin haɓa wadda yake kumburawa ta yi baƙi idan ransa ya ɓaci ko yana neman mace. Gemun ke nan. Babba yakan kai tsawon santimita 60, kusan rabi wutsiya ce.

Asalinsa busassun yankunan tsakiya da gabashin Ostareliya ne, ƙasar jan rairayi da ƙananan itatuwa. Da hantsi za a same shi a kan kututture ko dutse ko turken shingen gona, ya baje jiki yana shan rana. In ta yi zafi ya shige inuwa ko rami, in ta yi sanyi ya sake fitowa. Haka yake yini yana auna wa kansa zafi da haske, ba tare da kowa ya koya masa ba.

Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta don kasuwanci tun shekarun 1960. Duk da haka wasu daga cikin ƙadangarun nan sun fita ta bayan fage, aka hayayyafa su a Turai da Amurka, kuma daga shekarun 1990 mai gemu ya zama ɗaya daga cikin dabbobi masu jan ciki da aka fi kiwo a gida. Dalilin farin jininsa ba ɓoyayye ba ne. Ba ya cizo sai an matsa masa, yana yarda a ɗauke shi a ɗora a kafaɗa, da rana yake harkokinsa ba da dare ba, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai wajen 20 a zubi guda, ta kuma sake zubawa a cikin shekarar. Abin da ke da sauƙin hayayyafa yakan yi araha, abin da ya yi araha kuma kowa na iya saya. Waɗanda ake sayarwa yau a shagunan dabbobi iyayensu da kakanninsu duk a cikin akwati aka ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin Ostareliya ba. Sai dai jikinsu bai san an yi ƙaura ba. Fatarsa da hanjinsa da ƙodarsa har yanzu lissafinsu na ranar hamada ne.

Jini kafin ƙashi

Ɗan da ya fito daga ƙwai bai wuce tsawon yatsa ba, nauyinsa giram biyu zuwa uku. Cikin shekara guda zuwa shekara da rabi zai kai giram 300, wani har 500. Wato ya ninka kansa fiye da sau ɗari. Duk wannan ƙashi da za a gina a cikin 'yan watanni kalsiyam yake buƙata, kullum, ba fashi. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƙanana. Babban da ya gama girma zai iya jure watanni na rashin kulawa kafin a ga alama. Ƙaramin da ke tsakiyar girma makonni kaɗan sun ishe shi.

Amma kalsiyam ba na ƙashi kaɗai ba ne, kuma a nan ne matsalar take. Zuciya ba ta bugawa sai da shi. Jijiya ba ta aika saƙo, tsoka ba ta motsi, hanji ba ya tura abinci sai da shi a cikin jini, a kan wani ma'auni da ba ya son ƙari ko ragi. Kusan dukkan kalsiyam ɗin jiki a cikin ƙashi yake ajiye, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini. Ƙashi rumbu ne, jini kuma tukunyar yau. Idan abin da ke shigowa daga waje bai isa tukunya ba, jiki ba ya tsayawa shawara, rumbu yake buɗewa ya ɗiba, domin ana iya kwana da raunin ƙashi amma ba a kwana da zuciyar da ta tsaya.

Masu riƙe da mabuɗin wasu 'yan ƙananan halittu ne a yankin wuya da likitoci ke kira faratairod. Da zarar kalsiyam ya yi ƙasa a jini sai su saki wani sinadari mai ba da umarni uku: ƙashi ya saki abin da ya riƙe, ƙoda ta daina zubar da kalsiyam ta yawaita zubar da fosforas, sannan a ƙara kunna bitamin D don hanji ya ƙara tsotsa. In gibin na kwana biyu ne, ba komai, za a mayar. In ya zama na kullum, faratairod ba sa hutawa, ƙashi kuma yana ta rarakewa. Cikakken sunan ciwon a wurin likitoci ma daga nan ya fito: yawan aikin faratairod wanda rashin ingancin abinci ya jawo.

Jiki yana ƙoƙarin toshe gibin da wani nama mai zare-zare da yake naɗawa a kewayen ƙashin da ya raunana. Sakamakon haka sai ƙafafun su kumbura su yi kauri. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi yaudarar masu kiwo, domin mutum zai dubi cinyar dabbarsa ya ga ta cika, ya ce ai ƙato yake zama. A taɓa wurin sai a ji tauri marar kyau, a ɗauki hoto sai a ga ƙashin ciki ya yi siriri ya dushe, da ƙyar ake bambance shi da naman da ke kewaye. Sau da yawa hoton yakan nuna karaya biyu ko uku da suka faru ba wanda ya sani, wasu har sun haɗe a karkace. Wutsiya ta yi gwiwa-gwiwa, baya ya yi ƙusumbi, muƙamuƙin ƙasa ya gajarce ya koma baya har leɓe ya daina rufuwa.

Sai lokacin da ƙashi ya kusa ƙarewa ne jini ke fara rasa nasa. A nan ake ganin rawar yatsu, da karkarwar jiki in an ɗauke shi, da rashin yin kashi na kwanaki saboda hanji ya yi sanyi, wani lokaci har dubura ta fito. Na ƙarshe shi ne farfaɗiya. Abin da mai kiwo yake ɗauka farkon ciwo ne, a gaskiya ƙarshensa ne.

Gyare ba shi da ƙashi

Babba ya fi cin ganye, amma ƙarami maciyin ƙwari ne, kuma yana ci da yawa, sau biyu ko uku a yini. Abin da shaguna ke sayarwa shi ne gyare, da fara, da tsutsar gari, da wani nau'in kyankyaso da ake kiwo musamman don wannan. Dukkansu akwai furotin da mai a jikinsu. Abin da babu shi ne ƙashi. Ƙwaro ɓawonsa na waje ne ke riƙe da shi, kuma wannan ɓawo ba da kalsiyam aka gina shi ba. Wani masanin abincin dabbobi a Amurka, Mark Finke, ya auna sinadaran ƙwarin da ake sayarwa don ciyar da dabbobi ya wallafa a 2002, kuma abin da ya fito ya tabbatar da abin da ma'aikatan gidajen namun daji suka daɗe suna gani: a jikin gyare da tsutsar gari, fosforas ya ninka kalsiyam sau da yawa. Alhali abin da ake so a abincin ƙadangare mai girma shi ne kalsiyam ya kai kamar ninki biyu na fosforas. Lissafin a juye yake. Kuma yawan fosforas ba rashin amfani kawai yake yi ba, yana ɗaure ɗan kalsiyam ɗin da ke cikin hanji ya hana shi shiga jini, yana kuma ƙara zuga faratairod. Don haka dabbar tana iya ƙoshi kullum, tana girma da sauri, ƙashinta yana lalacewa daidai da saurin girman.

A daji ba haka abin yake ba, domin ƙwarin daji iri-iri ne, cikinsu cike da ganyayen da suka ci, ga ƙura da ƙasa da ke bin su zuwa baki, ga furanni da ganyen da ƙadangaren ke tsinka da kansa. Gyaren shago kuwa yana iya yin kwanaki a cikin roba ba abin da ya ci sai kwali.

Dabaru biyu masu kiwo ke yi. Ta farko ita ce a zuba ƙwarin a leda ko gwangwani tare da garin kalsiyam a girgiza, su fito fari fat, a ba shi nan take. Nan take ɗin yana da muhimmanci, don gyare mai tsafta ne, in aka bar shi yana yawo a akwati zai goge garin daga jikinsa. Ta biyu ita ce a ciyar da ƙwarin kansu abinci mai yawan kalsiyam na yini ɗaya zuwa biyu kafin a miƙa su, ta yadda cikinsu zai zama mazubin abin da ake son isarwa. Akwai kuma tsutsar wani baƙin ƙuda, wadda masu kiwon kaji da kifi suka fara sani yanzu a ƙasashe da dama, ita kam tana tara kalsiyam a fatarta, don haka ta fita daban a cikin ƙwarin kasuwa.

Ganye ma ba duka ɗaya ba ne. Latas kusan ruwa ne zalla. Alayyafon Turawa akwai kalsiyam a cikinsa, amma akwai wani sinadari mai suna okzalet da ke riƙe shi ya fita da shi ta kashi. An fi son ganyaye masu duhun kore na dangin kabeji, da ganyen mustad, da makamantansu. Ana so a fara saba wa ƙarami da ganye tun yana raina shi, don wanda ya girma a kan ƙwari zalla yakan ƙi ganye har tsufansa.

Ranar da ake saye a kwali

Ko da an cika masa ciki da kalsiyam, hanji ba ya iya tsotsarsa yadda ya kamata sai da bitamin D3. Shi kuma wannan bitamin, a jikin ƙadangaren rana, fata ce masana'antarsa. Akwai wani sashe na hasken rana da idon mutum ba ya gani, ana kiransa UVB, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 da 315. Idan ya sauka a fata sai ya sauya wani sinadari dangin kolestarol zuwa matakin farko na bitamin ɗin. Ɗumin jiki ne ke ƙarasa shi ya zama D3. Daga nan hanta ta yi nata aiki, ƙoda ta yi na ƙarshe, sannan a samu abin da ke buɗe wa kalsiyam ƙofa a hanji. Matakai huɗu ne a jere, haske, zafi, hanta, ƙoda, kuma in ɗaya ya faɗi sauran ba su da amfani.

Gilashin taga yana tare UVB kusan gaba ɗaya. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi kowace cin dabbobin nan. Mutum zai ajiye akwati a bakin taga, rana tana dukan gilashi, ɗakin ya yi haske, ƙadangare ya baje yana jin ɗumi, kowa ya gamsu. Amma abin da ake nema a ranar ya tsaya a waje. Ƙwan lantarki na gida ma haka, yana ba da haske da zafi, ba ya ba da UVB. Dole sai fitila ta musamman, kuma masana sun fi amincewa da doguwa mai kama da sanda, wadda ke rufe rabin tsawon akwatin ko fiye, a kan ƙaramar mai murɗe-murɗe da ke haska wuri ɗan kaɗan.

Fitilar ma tana da nata sharuɗɗa. Ƙarfinta yana raguwa sosai da nisa, don haka wadda aka rataye can sama ado ce kawai. Ragar ƙarfe da ke rufe saman akwati tana cinye wani kaso. Murfin roba ko na gilashi a gaban fitilar yana kashe aikin baki ɗaya. Mafi muni, fitilar tana ci gaba da haske bayan UVB ɗinta ya yi rauni, ido ba zai taɓa gane bambanci ba. Shi ya sa ake cewa a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta, ko a sayi na'urar aunawa irin Solarmeter, wadda kuɗinta ya fi na ƙadangaren kansa.

Zafi kuma ba a barinsa a baya. Ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila, RSPCA, tana ba da shawarar akwatin babba ya kai aƙalla santimita 120 a tsawo, da wurin shan ɗumi mai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin salshiyas a gefe ɗaya, da wuri mai sanyi na digiri 22 zuwa 26 a ɗaya gefen. Fitilar zafi da ta UVB a gefe guda ake haɗa su, domin a duniyar da jikinsa ya sani, inda zafi yake nan haske yake. In aka raba su, zai bi zafi ya bar hasken.

Wasu sukan ce, to me ya sa ba za a ba shi bitamin ɗin a abinci a huta da fitila ba? An gwada. Dennis Oonincx da abokan aikinsa a ƙasar Holan sun yi gwaji a kan ƙananan wannan ƙadangare, suka wallafa a 2010. Wasu an ba su D3 ta baki, wasu an sa su ƙarƙashin UVB na sa'o'i daban-daban. Waɗanda suka sha ta baki ba su kai matakin da masu haske suka kai a jini ba, kuma haske na sa'a biyu a yini ya isa ya riƙe matakin da ake so. Ga kuma wata fa'ida: fata tana da birki, in ta yi isasshe sai ta karkatar da sauran zuwa wasu sinadarai marasa illa. Baki ba shi da birki. Wanda ya yi ta ɗura garin D3 don tsoron ciwon ƙashi yana iya jawo kalsiyam ya taru a ƙoda da jijiyoyin jini, ya kashe dabbar ta wata hanyar.

Ko yawan hasken da ya dace ma sai da aka fita daji aka auna. Gary Ferguson na wata jami'a a jihar Texas ya bi ƙadangaru da macizai da na'ura yana auna hasken wuraren da suke zama, ya kasa su aji huɗu a 2010, daga masu son inuwa zuwa masu shan ranar tsaka. A 2016 likitar dabbobi Frances Baines da wasu ma'aikatan gidajen namun daji na Birtaniya suka faɗaɗa wannan aiki ya zama jagora ga ɗaruruwan nau'o'i. Mai gemu yana cikin masu fita fili su sha rana, can wajen saman jerin.

Zakunan Landan da yaran Jos

Labarin tsoho ne, dabbar ce sabuwa. A shekarun 1880 'ya'yan zaki a gidan namun daji na Landan sun yi ta mutuwa da lanƙwasassun ƙafafu. Tsokar nama zalla ake ba su, wadda ita ma fosforas ne ya fi yawa a cikinta. Wani likitan fiɗa, John Bland-Sutton, ya sa aka ƙara musu dakakken ƙashi da madara da man hantar kifi, suka miƙe. A 1919 wani likitan yara a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara masu laushin ƙashi da fitila mai fitar da irin wannan haske, har ya nuna cewa in aka haska hannu ɗaya, ɗayan ma yana warkewa, alamar fata tana yin wani abu da jini ke rarrabawa. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya nuna cewa abin da ke hana laushin ƙashi bitamin ne na daban, aka sa masa harafin D.

Daga nan duniya ta ɗauka laushin ƙashin yara ciwon ƙasashen da ba su da rana ne. Sai ga shi ana ganin yara masu gwame da ƙafar baka a wuraren da rana ba ta taɓa yin ƙaranci ba. A Jos, likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yara 123 masu wannan lalura, suka wallafa sakamakon a 1999. Abin da yaran ke samu na kalsiyam a abinci bai wuce miligiram 200 da 'yan kai a yini ba, domin abincinsu hatsi ne ba madara. Waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai samun sauƙi. Daga baya ma an gwada niƙaƙƙen busasshen kifi da ƙayarsa, da garin farar ƙasa, duka suka yi aiki. Yaron Jos yana da rana ba shi da kalsiyam. Ƙadangaren Landan sau da yawa yana da garin kalsiyam a kwalba ba shi da rana. Ƙashin duka biyun hanya ɗaya yake bi wajen lanƙwasa.

A ɗakin likita

Likita yakan fara da tambayoyi kafin magani, kuma tambayoyin ba na dabbar ba ne, na akwatin ne. Wace irin fitila? Yaushe aka saye ta? Nisanta nawa daga inda yake kwanciya? Akwai gilashi a tsakani? Me ake ba gyaren su ci? Ƙwararru sukan ce a zo da hoton akwatin a waya. Gwajin jini yana taimakawa, amma yana iya ruɗar wanda bai saba ba, tunda jiki ya sadaukar da ƙashi ne don jini ya zauna daidai. Ana iya ganin kalsiyam ɗin jini lafiya lau a dabbar da ƙashinta ya kusa ƙarewa. Hoton ƙashi ya fi faɗin gaskiya.

Wanda ya zo yana karkarwa ko farfaɗiya, allurar kalsiyam ake fara yi masa, da ruwa, da ɗumi. Sauran ana ba su kalsiyam na ruwa ta baki na makonni, wani lokaci watanni. Mai laushin muƙamuƙi ba ya iya tauna, sai a dama masa abinci a ba shi da sirinji a hankali, don matsa bakin da ƙarfi yana iya karya shi. Ana cire rassa da duwatsun hawa daga akwati, a shimfiɗa takarda ko tawul, a rage ɗaukarsa. Karaya ba a cika yi mata aiki da ƙarfe ba, ƙashin ba zai riƙe ba, sai ɗauri mai sauƙi da jira. Ana kuma raba shi da rairayin da wasu shaguna ke sayarwa da sunan wai yana ɗauke da kalsiyam: dabbar da jikinta ke neman kalsiyam takan yi ta lasarsa har ya toshe mata hanji, hanjin da dama ya riga ya yi rauni.

A ganina, babban kason laifin ba na yaron da ya sayi dabbar ba ne. Na kasuwar ne da ke tallata ta a matsayin dabbar koyo, mai sauƙin riƙo, ta haɗa wa mai saye ƙaramin akwati da fitila mai rauni a kwali guda ta ce ya kammala. Ƙadangaren yana da sauƙin hali, wannan gaskiya ne, amma sauƙin hali daban, sauƙin kiwo daban. Kuɗin dabbar shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Akwati da fitilu da ma'aunin zafi da ƙwari na kowane mako da wutar lantarki na shekara 10 zuwa 15 su ne ainihin farashin, kuma mai shago ba ya son faɗinsu kafin a biya. A Ingila dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin samar mata muhalli da abincin da suka dace da irinta, amma doka ba ta shiga falo ta auna fitila. Ga kuma halin dabbar kanta: ba ta kuka, ba ta haushi, kuma kamar yawancin namun da ake farauta a daji, tana ɓoye rauninta har sai ya fi ƙarfinta.

In an kama ciwon da wuri, ƙashi yana sake tauri, ƙarfi ya dawo, cin abinci ya dawo. Abin da ba ya dawowa shi ne siffa. Ƙashin da ya lanƙwashe a lanƙwashe zai sandare, muƙamuƙin da ya gajarce haka zai zauna, kuma wanda gadon bayansa ya danne jijiya yana iya rasa ƙafafun baya har abada. Irin wannan, in ba ya iya kashi da kansa kuma yana cikin wahala, likitoci sukan ba da shawarar a sauƙaƙe masa. Da yawa dai suna rayuwa shekaru da karkatacciyar wutsiya da tafiyar ɗingishi, a akwati marar tudu, ana yanka musu ganye ƙanana. Mata ne ke da sauran haɗari a gaba. Mace tana iya yin ƙwai ko ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, kowane zubi kuma yana jan kalsiyam mai yawa daga jikinta, sannan ƙugun da ya tsuke tun tana ƙarama yana iya hana ƙwan fita. Shi ya sa idan macen da ta yi wannan ciwo ta balaga, wasu likitoci kan ba da shawarar a yi mata aiki a cire mahaifar ƙwan tun kafin ƙwai ya maƙale.